Takardar da Leuza Ta Sa wa Hannu

A cocinmu in aka ce wace mace ce ta fi sanin Littafi Mai Tsarki, ba sai an yi gardama ba: Edileuza ce, wadda kowa ke kira 'yar'uwa Leuza. Ita ke buɗe taron addu'ar mata na ranar Talata. Za ta miƙe da siket har idon sawu, gashin da almakashi bai taɓa gani ba a ɗaure a ƙeya, ta buɗe littafin daidai wurin, ta ɗora yatsa, ta zubo Zabura daga farko har ƙarshe ba gargada. Matar fasto ma, da duk sakandarenta, sai ta yi tuntuɓe sau biyu kafin ta kai aya ta biyar. Leuza ba ta tuntuɓe, domin ba karantawa take yi ba. Shekararta talatin da huɗu, ba ta san A ba balle B.

A gona aka haife ta, can cikin ƙaya da duwatsu, ita ce babba cikin yara takwas. Watanta uku a makaranta fari ya zo, rijiyarsu ta ƙafe, ubanta ya ce ana bukatar mai kora jaki zuwa ɗibar ruwa. Ta ajiye fensir ta kama igiya, shi ke nan karatu ya ƙare. Tana da shekara sha biyar ta sauko garin nan, bayan birnin Toritama, ta zauna gaban keken ɗinki kamar kowace yarinyar gona. Mu dai a nan wandon jins muke ci, shi muke sha. Kowane gida ka leƙa, falo ya zama shagon ɗinki, kujera ta koma ma'ajin yadi. Aikin Leuza aljihun baya ne. Shekara goma sha tara tana manna aljihu a wandon da ita ba za ta taɓa sawa ba, tunda a cocinmu mace ba ta sa wando.

Da ta ba da ranta ga Yesu aka yi mata kyautar littafin a gaban jama'a, kunya ta hana ta cewa ba ta iya karatu ba. Amma Allah ya ba ta kunne. Abin da aka karanta sau biyu ya zauna a kanta daram. Sai ta ɓullo da dabara: in fasto ya ce a buɗe wuri kaza, ta saci kallon ta kusa da ita, ta lalubi shafin, ta saƙala guntun zare. Jan zare Zaburar tsaro, shuɗi ta tuba, ruwan ƙwai wa'azin kan dutse. Mata suka ce dubi yadda 'yar'uwa Leuza ta ƙawata littafinta, har wasu suka fara kwaikwayo.

A haka Josenildo ya gan ta. Nildo direban babbar mota ne, yana kai jins kasuwannin nesa, kwana ashirin a wata yana kan hanya. Ya sha faɗa wa mutane cewa shi ba kyau ya bi ba, mace ya gani tana karatu kamar mai zuba ruwa a tulu. Leuza takan yi murmushi kawai. Shekara goma sha biyu tana rufa wannan asiri. In takarda ta zo, tabarau ya ɓace. In saƙon waya ne, hannunta na kan keke, a turo da murya. Lambobi ta san su saboda awon wando, sunanta kuma ta koyi zana shi kamar yadda ake zana fure. Gajiyar da ke cikin wannan ɓoyo, ita kaɗai ta san ta.

'Yarsu ɗaya, Késia, shekara bakwai, mai gibi da surutu. A bana ne ta fara haɗa baƙi da baƙi. In suna tafiya kasuwa sai ta ja ta tsaya a gaban allon shago, tana tauna kalma a hankali har ta fito, sannan ta daka tsalle. "Mainha, na faɗa daidai?" Haka yaranmu ke kiran uwa. Leuza ta ce daidai ne, ta kau da kai ta share ido. Ba ta da wani buri a duniya da ya wuce wannan. Ta yarda ta mutu a gaban keke, muddin yarinyar nan ba za ta taɓa riƙe takarda ta kasa karantawa ba.

To, a farkon watan Yuni Késia ta dawo da wata takarda.

"Tia ta ce ki sa hannu."

Tia dai Malama Valdirene ce, haka yara ke kiran malamarsu. Leuza ta karɓa, ta ɗaure fuska irin ta mai karatu, ta bi layukan da ido har ƙasa. Ta ɗauka maganar riga-kafi ce, don irin takardar ke nan aka kawo bara. Ta zana sunanta ta miƙa. Yarinyar ta rungume ta da murnar da ta fi ƙarfin allura, amma keken ɗinki yana jira, Leuza ba ta tsaya tunani ba.

Takardar neman izini ce, ta rawar bikin Yohanna.

Kowa ya san yadda Yuni yake a nan. Masara ta nuna, tutoci sun cika titi, kowace ƙofa da tarin itacen da za a cinna wa waliyyi Yohanna, sai ƙofofinmu na masu bi, da ba ma bikin waliyyai, ke zama wayam. Makaranta ma takan yi nata da rana: a jera yara biyu-biyu, mace da namiji, riga mai faci, hular kaba, a ɗiɗɗiga wa 'yan mata baƙi a kumatu, a shafa musu jan baki. 'Ya'yan masu bi sukan zauna a aji suna zane. Bana Késia ce a sahun gaba, hannunta cikin na wani yaro, tana juyi ƙarƙashin tutar waliyyin, bakin nan har kunne. Wata uwa ta ɗauka a waya. Kafin la'asar hoton ya shiga zauren cocinmu na waya, kuma kun san mu da saurin tura abin da ya shafi ɗan wani.

Nildo yana wani gidan mai a jihar Bahia ya gani. Kwana biyu ya yi yana tuƙi da abin a ransa. Da ya iso bai ko wanke fuska ba, ya ajiye wayar a kan tebur kusa da dambun masarar da aka zuba masa.

Kada a ɗauka mugu ne. Nildo ya tashi a gidan da bikin Yohanna ke nufin uba zai sha ya yi tatul, uwa ta kwana da kumburin ido. Ƙarar molon bikin kaɗai tana tayar masa da tsigar jiki. Da ya ga jan baki a fuskar 'yarsa, ba fushi ne ya fara zuwa ba, tsoro ne.

"Wa ya ba su izini?" ya ce. "'Yata ce ko ta gwamnati?"

Késia ta leƙo daga bayan labule, ta kira uban. "Painho, ai Mainha ce ta..."

"Rufe min baki, babanki na magana!"

Leuza ba ta taɓa daka mata tsawa irin wannan ba. Yarinyar ta yi tsuru-tsuru, ta dube ta, ta koma ciki. Wannan kallon ya daɗe yana cin Leuza.

Da yamma Nildo ya je wurin Fasto Genival, ya dawo da magana a kammale. Akwai iyalai a babban cocin birni da suka cire 'ya'yansu, suna koya musu a gida. Akwai littattafai na musamman, kowane darasi da ayarsa. Ya riga ya sa a aiko.

"Kai mutumin nan, ka yi tunani," in ji Leuza. "Aikina fa? Aljihu zai manna kansa?"

"Ki rage. Ni zan ƙara tafiya."

"Hukuma fa? An ce suna bin gida-gida in yaro ya daina zuwa."

"Su zo. Fasto ya ce akwai lauya a cikin 'yan'uwa."

"To a kai ta makarantar coci ta birni."

"Da wace mota, kullum? Ke matar nan, me ya same ki? Yau rawa, gobe me? Ranar shari'a ba Valdirene za a tambaya ba, ni da ke za a tambaya." Sai ya sassauta, ya kamo hannunta. "Wa ya fi ki? Duk garin nan wace malama ce ta san Magana kamarki? Allah ya ajiye mana malama a cikin gida muna kai yarinya waje."

Da zagi ya yi da ya fi mata sauƙi. Yabon nan ya sa ta ji kamar ta kurma ihu.

Hutun Yuli ya shigo, mako biyu. Nildo ya ce a fara tun yanzu, ranar da aka koma zai je da kansa ya karɓo takardun yarinyar, ya kuma gaya wa malamar nan abin da ba ta taɓa ji ba. Kwalin littattafai ya iso, shi kuma ya hau mota ya tafi.

Safiyar farko Leuza ta ture yadi gefe, ta share tebur, suka yi addu'a. Ta buɗe littafin farko. Hoton jirgin ruwa da dabbobi, wannan ta gane, ta ba da labarin har da kukan kowace dabba. Amma a ƙarƙashin hoton akwai layuka, akwai wuraren da aka bari a cike.

"Mainha, wannan kalmar fa?"

"Ke za ki faɗa min. Ni ce 'yar makarantar?"

Késia ta tauna, ta tauna, ta faɗi wani abu. Ta ɗago tana jiran hukunci. Leuza ta dubi baƙaƙen, sun yi mata shiru kamar kullum. Daidai ne? Kuskure ne? In kuskure ne ta ce daidai, ta dasa shi ke nan. Ta ce a sake. Yarinyar ta ɗauka ta faɗi, ta canza zuwa wani abu dabam. Leuza ta ce a sake. A karo na huɗu Késia ta fashe da kuka ta ce ita ba ta iya komai ba, Tia ce kawai ke cewa ta iya.

Leuza ta shiga banɗaki ta kulle, ta durƙusa a kan siminti. Ba addu'ar taron Talata ta yi ba, mai tsari da kari. Cewa take, "Ubangiji, ka buɗe wa makafi ido. Ni idona a buɗe yake. Abu kaɗan ya rage, ka ƙarasa mini. Yau ɗaya." Ta fito ta sake buɗe littafin da dukan bangaskiyarta. Ba abin da ya canza.

Ta gwada waya, ta ce ko akwai mai koyarwa da murya, amma kafin ka kai ga muryar sai ka rubuta abin da kake nema. Ta ɗauko littafin Késia na makaranta ta ɓuya da shi a ɗakin girki, tana gwama baƙaƙe da na sunanta, har wake ya ƙone. Ta gane guda biyar, ta rasa yadda ake sa su su yi magana. Abinci ya daina shiga. Aljihu biyu ta manna a juye, abin da bai taɓa faruwa ba.

Da ta rasa tudun dafawa sai ta koma ga abin da ta iya. Ta riƙa faɗin Zabura, Késia na maimaitawa. Nan fa kuka ya tsaya, don yarinyar ta gaji kunnen uwarta. Cikin kwana biyar ta haddace uku.

Ranar Asabar Nildo ya kira ta waya mai hoto daga bakin hanya, ya ce a nuna masa abin da aka koya. Késia ta ɗauko littafin uwarta, ta ja jan zaren, ta miƙe tsaye, ta ɗora yatsa. Ta zubo ba gargada. Nildo yana ta "Ɗaukaka ga Allah!", har ya kira wani direba ya zo ya gani. Leuza tana tsaye a bayan yarinyar, tana kallon abin da shi ba ya gani. Yatsan yana tafiya a kan layi, amma idon yana kan bango. Yarinyar da ke tsayawa gaban kowane allo tana kokawa da baƙaƙe ta gano hanya mai sauƙi, kuma uwarta ce ta nuna mata. Har ɗaure fuskar iri ɗaya.

Leuza ta ƙura wa yatsan nan ido. Ta ga shekara talatin masu zuwa sarai: keke, tabaran da ke ɓata, fargaba duk ranar da aka miƙo takarda.

Washegari bayan sujada ta ce za ta duba wata mara lafiya, ta bi ta bayan kasuwa zuwa gidan Malama Valdirene. Ta same ta tana shanya, baƙin tabon wutar Yohanna yana nan a ƙofar gidan.

"A'a, Dona Leuza! Mai bi a ƙofar masu waliyyai? Tsallako, toka ce, ba ta cizo."

Leuza ta kasa dariya. Ta tsaya tana murɗa bakin mayafin littafinta, ta ce mijinta zai zo ranar Litinin ta sama, ta roƙa kada a nuna masa takardar izinin da ta sa wa hannu.

Valdirene ta ajiye bokiti. "Ba ki san abin da ke ciki ba, ko?"

Leuza ta girgiza kai.

"Tun ranar rajista na gane. Daga ƙasa kike fara sunanki ki hau sama, kamar mai ɗinki. Laifina ne da ban aiko miki da baki ba, na sha'afa, yara talatin da biyu ne a kaina." Ta goge hannu a riga. "In kin ce in ɓoye, zan ɓoye. Ya zo ya zage ni, ba shi ne na farko ba, fatata ta yi kauri. Amma fa zai tafi da yarinyar."

"In kin nuna kuma, ya ce da sanina na tura ta rawa. A coci su zaunar da ni a bencin baya na masu laifi. Kuma duk da haka ya cire ta."

"To kin gani. Takardata ba za ta dawo da ita ba, ko na nuna ko na ɓoye." Ta dube ta ido cikin ido. "Dona Leuza, yarinyar nan tana bakin ƙofa. Wata uku, huɗu, ta shige, ba mai sake fito da ita. Amma a daidai nan ne in aka saki hannun yaro yake komawa baya. Na gani ba sau ɗaya ba."

"Ni ma na gani," in ji Leuza.

Mako guda ta yi tana shirya maganar. Ta shirya ta a gaban keke, ta shirya ta a bakin murhu. Nildo ya dawo ranar Asabar da tsarabar alewar gwaiba, yana ta fara'a, ta buɗe baki sau uku tana rufewa. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana alfahari da abu ɗaya, ta ina za ka fara gaya masa babu abin?

Litinin da safe ya sa farar rigarsa ta zuwa coci. Yaran unguwa suna wucewa da jakunkuna, Késia tana leƙensu ta taga. Ya zauna a tebur ya cika shafi guda da rubutu, yana gogewa yana sakewa, sannan ya miƙo.

"Wasiƙar shugabar makaranta ce. Duba min, ke kika fi ni iya magana. Kada su ce direba ne, bai san komai ba."

Ta karɓa. Hannu ya tafi neman tabarau da kansa, don ya saba. Ta tsayar da shi.

"Nildo, ba zan iya ba."

"Idon ne kuma?"

"Ba ido ba ne. Ban iya karatu ba. Ban taɓa iyawa ba."

Ya yi 'yar dariya, yana jiran ƙarshen wasan. Bai zo ba. Ta gaya masa duka a tsaye, muryarta a bushe: wata ukun, jakin, zaren, tabaran. Ta ce makaranta ta nemi izini, ita ce ta sa hannu ba ta san me ta sa wa ba, kuma da yarinyar ta so faɗa ita ce ta toshe mata baki.

"To mako biyun nan wa ke koya mata?"

"Ba kowa."

Ya kira Késia. Ya jawo littafi daga ƙasan kwalin, wanda ba a taɓa buɗewa ba, ya nuna layin farko. Yarinyar ta dubi layin, ta dubi uwarta. Ta fara tauna baƙin farko, ya ƙi, ido ya kawo ruwa. Sai ta gyara tsayuwa, ta ɗora yatsa, ta kama Zabura.

"Ya isa," in ji Nildo a hankali.

Leuza ta zube a gabansa ta kama ƙafar wandonsa. "Ka yi min duk abin da ka ga dama. Ka kai ni gaban fasto, ni da bakina zan faɗa wa mata ranar Talata. In Yuni ya zo ka kulle ta a ɗaki wata guda, ni zan riƙe makullin. Tsoron da kake ji ni ma ina ji, Allah ya sani. Amma kada ka bar ta a hannuna. Ba ni da abin ba ta, Nildo. Abin da nake da shi ka gan shi yanzu."

Bai ɗaga ta ba, bai kuma ture ta ba. Can ya ce wa yarinyar ta sa takalmi ta ɗauko jakarta. Ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu, suka fita. Leuza ba ta san ko kai ta zai yi ko karɓo takardunta ba, kuma ba ta da bakin tambaya. Ta zauna a gaban keke ba ta taka shi ba.

Bayan kusan awa ɗaya ta ji an turo ƙofa. Shi kaɗai ne, ba yarinya, ba jaka. Ya ciro wasiƙar ya ajiye a tebur yadda take a ninke. Leuza ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa.

Ya zauna a kan tarin yadi, nesa da ita. Fuskarsa ba ta fushi ba ce, ta fi kama da ta wanda aka yi wa rasuwa.

"Malamar ta sani," ya ce. "Bare ta sani. Ni da ke kwana ɗaki ɗaya da ke ban sani ba."

Leuza ta sauke hannunta ta dube shi.

"Shekarar da muke neman aure, ina São Paulo. Kowane mako sai na rubuto miki. Abubuwan da na faɗa a ciki ban taɓa faɗa wa wani mahaluki ba, ban kuma sake faɗa ba, don na ɗauka kin riga kin sani." Ya juyo gare ta. "Wa ya karanta miki?"

"Ba kowa. Na ji kunyar wani ya ji maganarka."

"Ina suke?"

"Suna cikin gwangwanin biskit, a ƙasan akwati. Ko ɗaya bai ɓata ba." Ta share fuska da bayan hannu. "Jira nake Késia ta iya."